Shaidu Uku da Ruwan Rijiyar Dodo

Shekara huɗu na yi a Yamai ina koyon aiki da na'urorin bincike, kuma ranar da aka ɗauke ni aiki a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na Filinge, abu na farko da aka gaya mini shi ne ba za a ba ni makulli ba.

Ga yadda abin yake. Wata jami'a ce ta buɗe ƙaramin reshe a bayan gari, wasu masu taimako daga waje suka aiko da na'ura biyu. Ɗaya madubin likita ne, mai nuna ƙwayar cutar da ido ba ya gani. Ɗayar wani farin akwati ne da muke kira sipektoro, wanda ke ratsa ruwa ko jini da haske ya faɗi abin da ya narke a ciki. Sharaɗin masu kyautar ɗaya ne: kayan na kowa da kowa ne. Sashen likitanci da sashen sinadarai da sashen dabbobi su yi tarayya a kai, kada wani ya ce nasa ne.

To, shugabannin sassan nan uku ko ga maciji ba sa yi da juna. Aka yi wata biyu ana zama ana tashi a kan wa zai riƙe makulli. Da abin ya gagara sai aka ɗauko Malam Lawali, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana tsaron bankin cimaka, wato rumbun hatsin jama'a, a ƙasar Kurfai, ko tiya ɗaya ta hatsi ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba. Shi kuwa ya zo da tsarin da ya sani. Ƙofa ɗaya, kwaɗo uku, makulli uku a hannun mutum uku. Ba a buɗewa sai duk sun hallara. Kuma babu abin da zai fita daga ɗakin, ko takarda ce, sai ukun nan sun ga abin da idonsu sun dangwala yatsa.

Na ce masa, "Baba Lawali, ni hwa ka aiki da kayan ga."

"Shi yas sa ba a ba ki, ɗiyata," in ji shi. "Ina kit taɓa ganin an ba mai jin yunwa makullin rumbu?"

Su kuma shugabannin a Yamai suke zaune. Bi da bi suke zuwa koyarwa, domin gado ɗaya ne a masaukin baƙi, saboda haka ba a taɓa samun ukunsu a gari rana ɗaya ba. Malam Lawali ya ce ai wannan mai sauƙi ne, kowa ya naɗa wakili: mutumin ƙasa, mai amana, wanda bai san komai a kan na'ura ba. Na likitanci ya ba Abba mahauci, inda yake sayen kilishi. Na sinadarai ya ba Alhaji Hafizu, wani ɗan kasuwar hatsi mutumin Damana. Ta sashen dabbobi ta ba Inna Ladi, tsohuwar da ke kawo mata nono.

Cikin shekara biyu sau uku aka buɗe ƙofar: ranar bikin buɗewa, da ranar da baƙi suka zo ɗaukar hoto, da ranar da aka ji kukan kyanwa a ciki. Ni kuwa kullum sai in sa farar rigata in zauna a gindin bishiyar bedi, in zafi ya ishe ni in leƙa ta taga in ga na'urorina lulluɓe da zane suna shan sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki. Na rubuta takardar koke har bakwai. Malam Lawali ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai ajiye su a cikin labo ranar da aka buɗe.

Ana haka sai babana ya zo a amalanken jaki, ranar wata Alhamis, da bido, wato jarka, cike da ruwa.

Babana Dodo maginin rijiya ne. Rijiya goma sha tara ya gina a rayuwarsa, duk na mutane, ana kiran su da sunan masu gari. Ɗaya ce kawai ake kira da sunansa, wadda ya gina wa ƙauyenmu, Garin Haske, can kan tudu inda kowa ya ce ba ruwa. Rani uku ya yi yana sara dutse. Kafin ita, kwari matan garin suke gangarawa ɗebo ruwa da asuba, ba su dawo ba sai rana ta take. Babana ba shi da shanu, gonarsa ba ta kai a yi magana ba. Rijiyar nan ita ce abin da yake da shi.

Sai dai yaran da aka haifa bayan gina ta, haƙoransu suna fitowa ja kamar na tsohon da ya daɗe yana cin goro, wasu kuma ƙafafunsu sun fara gwamewa. Mata suka fara ƙus-ƙus, daga nan magana ta fito fili. Maigari Abdurrazak ya yanke cewa ranar Litinin, washegarin kasuwar Filinge, ko dai a kawo masa takardar labo mai wanke rijiyar, ko a cike ta da ƙasa.

Babana ya sauke bidon a gabana ya ce, "Nasiba, ke ad da madubi. Ki diba mini. Ni na san ruwana, amma su takarda sukai so."

Kunya ta kama ni har wuya. Shekara biyu yana gaya wa mutane 'yarsa ce ke riƙe da na'urar Turawa a Filinge, ban taɓa iya gaya masa ko yatsa ban ɗora mata ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na tashi neman makullai.

Abba ya ce shi a shirye yake duk lokacin da nama ya ƙare. Alhaji Hafizu ne ya ba ni wahala. Na hau kabu-kabu zuwa Bonkuku, aka ce yanzun nan ya wuce Damana. Na isa Damana, aka ce ya bi wata mota zuwa wajen Sanam. Kwana biyu ina shan rana, na dawo da ciwon baya. Malam Lawali ya dube ni ya ce, "To ke da garaje! Ran Lahadi ba kowa na zakuwa kasuwa ba?" Da ba dattijo ba ne, da na gaya masa magana.

Inna Ladi kuwa a gida na same ta, amma ba makulli. Ta ce tun ranar da aka ba ta amanar ta rasa barci, ta sa a ƙarƙashin tabarma, ta sa a cikin tukunya, ta sa a ƙugunta, duk hankalinta bai kwanta ba. Daga ƙarshe ta ɗinke shi da igiyar fata a wuyan bunsurunta, tunda ba ɓarawon da zai nemi makulli a can, kuma ko ya nema wari zai kore shi. Na ce to a yanke igiyar. Ta dafe ƙirji.

"Ni na rantse ba ni kwance ƙullin ga sai Madam mai makullin ta zaka da kanta. So kike in yi kahhara da tsuhwana?"

Ranar Lahadi bayan la'asar duka suka hallara a ƙofar labo. Abba da warin hayaƙi, Alhaji yana ta gaisuwar "fofo, fofo" da kowa, Inna Ladi tana jan bunsuru. Aka buɗe kwaɗo biyu lafiya. Na ukun yana can sama, igiyar kuma gajeriya ce, dole Abba da Alhaji suka ɗaga bunsurun. Shi ko da ya ji hannun mahauci a jikinsa sai ya ɗauka kwanansa ya ƙare, ya dinga ihu yana harbi, ya sakar wa Alhaji fitsari a babbar riga. Da ƙyar Malam Lawali ya murɗa makullin.

Sai kuma gardama ta tashi. Doka ta ce mai riƙe da makulli shi ne shaida. To wa ke riƙe da shi, Inna Ladi ko bunsuru? Malam Lawali ya shafa gemu, ya ce a shekarunsa na bankin cimaka bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Ya yanke cewa su shiga su biyun, don a fita daga shakka. Babana kuwa, mai ruwan, ba shi da makulli, saboda haka ya tsaya a waje ya manna goshi a gilashin taga.

Suka tuɓe takalma suka shiga. Da sanyin ya bugi Alhaji sai ya nemi kujera ya miƙe ƙafa ya ce kada a yi gaggawa, gaggawa aikin shaiɗan ce. Abba ya zagaya ɗakin yana tambaya ko za a bar shi ya riƙa ajiye cinya biyu a nan ranar da kasuwa ta ƙi. Ni ban kula su ba. Na yaye zanen da ke kan madubin. Na ɗiga ruwan a ɗan gilashi, na kunna fitilar, na sunkuya. Na canza ɗigo ya fi sau goma. Ba tsutsa, ba ƙwai, ba wani abu mai motsi.

Sai layin shaidu, babba kafin yaro. Inna Ladi ta kafa ido ta ce ta ga ciyawa baƙa tana kaɗawa. Na ce gashin idonta ne. Ta ce ita gashin idonta bai kai haka kauri ba. Alhaji ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ya ce duhu kawai ya gani, kuma ba zai yi shaidar zur ba. Da na samu kowa ya iya kallo, sai suka ce to sun ga fari fat, amma ta ina za su san madubin ba makaho ba ne?

Wannan kam tambaya ce ta hankali, na yarda. Na ce a ba ni wani ruwan. Alhaji ya miƙo gorar da yake sha, wadda ya cika a wani tafki a hanya. Na ɗiga, na daidaita, na ce bismilla.

Abba ne ya fara leƙawa. Ya yi tsalle baya ya ce, "La'ilaha! Alhaji, kasuwa ta ci cikin gorakka!"

Inna Ladi ta leƙa ta ce wasu har da ƙafafu, ga wani can yana bin wani. Alhaji ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya riƙe cikinsa, ya tambaye ni a hankali ko wanda ya riga ya sha akwai abin da za a yi masa. Aka mai da ruwan babana, suka sake kallo, suka ga wayam. Bunsuru ma aka kai kansa, ya lashi ƙarfen. Malam Lawali ya ce an fita hakkinsa.

Na rubuta takarda da Faransanci cewa ba a ga ƙwayar cuta ba. Ukun suka dangwala, Malam Lawali ya buga tampo, wato hatimi. Na ɗaga wa babana ita ta taga. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, na ga bakinsa yana motsi. Wallahi na ji daɗi a lokacin nan, irin daɗin da ban ji ba tun ranar da na karɓi takardar gama karatu.

Malam Lawali har ya fara kaɗa kwaɗuna. Na ce saura ɗaya.

Da na so, da na bar shi a nan. Ba wanda ya san akwai sauran aiki sai ni. Amma ƙwayar cuta ba ta rina haƙori, ba ta tanƙwara ƙashi, wannan tun a aji biyu aka koya mana. Na kunna sipektoro, na jira ya yi zafi, na gwada shi da ruwan gwaji, ya amsa daidai. Na zuba ruwan rijiyar a 'yar kwalba, na ɗiga magani, na sa a ciki na rufe murfi. Layi ya fito a allo, da lamba a ƙasansa.

Akwai wani gishirin dutse da ake kira fuluwor. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, tafasawa ba ta fitar da shi. Kaɗan ɗinsa ba laifi. In ya yi yawa, shi ke cin haƙorin yaro da ƙashinsa a hankali. Na ruwan babana ya ninka abin da jiki ke ɗauka sau shida. Na wanke kwalbar na sake. Na sake na uku. Lambar ba ta motsa ba.

Na rubuta takarda ta biyu, na ce su zo su shaida. Suka taru a gaban allon.

"Mi munka gani nan?" in ji Abba. "Ni tudu nig gani, awa na hanyar Sanam."

Na yi musu bayani. Na sake yi da misali. Alhaji ya ce shi ya ga ruwan da idonsa a wancan madubin, ba kowa a ciki, yanzu kuma telebijin na cewa akwai. Inna Ladi ta ce a buɗe murfin ta leƙa. Na ce in an buɗe, haske zai shiga, awon ya lalace. Nan fa Malam Lawali ya gyara tsayuwa.

"Tsaya, ɗiyata. Akwatin ga sai an ruhe shi shike awo?"

Na ce e.

"To ba mu shaida tai. Duk ma'aunin da ka ruhe tiya da hannun riga, ɓarawo na. Wancan ya gwada muna, mun gani. Wanga hwaɗi ɗai shikai. Gani ya kori ji."

Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce shekara biyu sun kulle kayan da aka kawo don lafiyar mutane, sun mai da ni mai gadin bedi. Na ce yaran da ke shan ruwan nan ba su da makulli, ba su da wakili. Na ce wa Malam Lawali wannan ba gero ba ne. Ya saurare ni har na gama, ba tare da ya ɓata rai ba, ya ce shi ya sa tun farko bai ba ni makulli ba. Ya ɗauki takarda ta biyu ya sa a durowa, ya ɗora kokena bakwai a kai. Aka sake ɗaga bunsuru aka kulle.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ina cikin faɗan nan wani sashe na zuciyata yana hamdala. Takarda mai tampo ta wanke babana. Ɗayar tana bayan kwaɗo uku, wataƙila sai kyanwa ta sake shiga. Ba wanda zai ce na yi ƙarya, domin ba abin da na rubuta da ba gaskiya ba.

Litinin da safe muka kama hanyar Garin Haske a amalanke. Babana ya naɗe takardar ya sa a cikin hularsa. Tun da nake ban taɓa jin ya yi surutu irin na ranar ba. Ya ba ni labarin dutsen da ya karya masa diga huɗu, da ranar da ƙasar ta fara danshi ya ɗebo ya sa a baki. Ni dai sai "uhm" nake cewa.

Mun tarar da gari ya taru a bakin rijiya. Mushen lakkwal, malamin makarantar boko, ya karanta takardar ya fassara. Maigari ya ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, duk wanda ya sake zagin rijiyar Dodo shi da shi ne. Mata suka rangaɗa guɗa, har da waɗanda suka fara ƙus-ƙus ɗin. Yara suka kewaye mu suna tsalle suna dariya. Wata 'yar shekara biyar, jikar ƙanwar babana, ta riƙe zanena ta washe mini baki.

Na ja babana gefe, bayan wani rumbu, na gaya masa duka.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ke kin gani da idonki?"

"Ba a ganinai, Baba. Aunawa akai."

"Sau nawa kin ka auna?"

"Ukku."

"Akwai maganin da za a zuba?"

"Daga dutsen shike hitowa. In an kwashe, wani ka zakuwa."

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Su waɗanga da sunka riga sunka sha hwa?" Na ce haƙoran ba za su koma fari ba, amma ƙananan, in an canza musu ruwa yanzu, ƙashinsu zai iya tsira. Ya gyaɗa kai, ya wuce ni ya shiga gida.

Da ya fito yana ɗauke da kwando da shebur. Mutane suka ɗauka gyaran bakin rijiya zai yi, suka ba shi hanya. Ya cika kwandon da ƙasa, ya ɗauka, ya nufi rijiyar. Sai da ya ɗora shi a kan bakin sannan aka gane. Wuri ya kaure. Maza biyu suka riƙe masa hannu. Wata mata ta fasa kuka tana cewa yanzu kwari za su koma da tsufansu? Maigari ya taso yana kaɗa takardar.

"Dodo, ka haukace? Ga takarda! Shaidu ukku da tampo! Lahiyatta lau!"

"Takardar taku ta, ku riƙe," in ji babana. "Ni nig gina ta, ba ni barin ta ci ɗiyan mutane da sunana. Nasiba ta auna. Ku sake ni."

Ban san abin da suka gani a fuskarsa ba, amma suka sake shi. Ya juye kwandon. Sai da aka ɗan jima sannan muka ji ƙasar ta faɗa ruwa.

Ya juyo zai cika na biyu, shebur ɗin ya suɓuce masa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya tura mini kwandon da ƙafa.

"Cika mini, Nasiba. Ni ka zubawa."

Na ɗauki shebur ɗin na fara cikawa.